Tagar Ɗakin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Shugaban ofis ya ƙwace mana ɗakin shan shayi ya ba abokin aikinmu Dogo da kwamfutocinsa. Wai an daina aika zanen gine-ginenmu kamfanin waje su yi mana hoto. A nan Dogo zai riƙa gina gida cikin kwamfuta, daga tushe har rufi, har da bututun ruwa. Na ce ni dai zanena bai taɓa neman ɗan rakiya ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na duba ɗakin da nake gina wa Baba a gefen gidana. Bulo ya kusa kai linta, wato saman taga da ƙofa. Shi kuwa har yau ya ce ba zai taso ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye yake tsohon gida, daga shi sai keken guragu da mai jinyarsa. Na nuna masa hotunan kamfanin waje, masu furanni da hasken rana. Ya jujjuya su, ya ce sito ne mai kyau, me za a ajiye a ciki? Abin ya ƙona min rai.

Alhamis, 6 ga Maris
Dogo ya dame ni da neman aikin gwaji. Na ba shi zanen ɗakin Baba don ya ƙyale ni.

Litinin, 10 ga Maris
Innalillahi. Har yanzu jikina a sanyaye yake.

Dogo ya ɗora min tabarau ɗin nan mai rufe rabin fuska, sai ga ni tsaye a tsakiyar ɗakin Baba, na cikin kwamfuta. Ta taga ga titi, ga rumfar mai faci, ga bishiyar bakin kwalbati. Ina ta yabon kaina. Sai ya tambaye ni wa zai zauna a ciki. Da na faɗa masa, ya ce to bari ya zaunar da ni. Ya taɓa wani abu, na ji na yi ƙasa, daidai tsayin mutum a kan keke.

Titi ya ɓace. Bango kawai, sai ɗan guntun sama da wayar lantarki. Abin da Baba zai kalla ke nan daga safe har yamma, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin shago yana tsokanar duk wanda ya gifta. Kuma ni na zana tagar, ni 'yarsa. Ashe duk hotunan da ake mana daga idon mai tsaye ne, ba wanda ya taɓa tambaya.

Talata, 11 ga Maris
Na bugo wa magini, ashe gobe zai zuba linta! Na ce ya dakata, sai an rage bulon ƙasan taga. Ya yi ta mita, wai mata ba su san wahalar rushe bulo ba. Ya dai rushe.

Dogo ya sauke tagar, nan take zanen magini da awon mai walda suka gyara kansu. Da kamfanin waje ne, sai filasta ta bushe kafin su amsa. Ya kuma nuna min cewa keken ba zai juya a ƙofar banɗaki ba. 

Asabar, 15 ga Maris
Da ƙyar na lallaɓo Baba ofis. A mota na ba shi labarin duka. Da ya ga tabarau ya ce shi walda za a koya masa da tsufa?

Aka sa masa. Ya ƙare wa titin kallo, sannan ya ce ga mai faci can. Can kuma ya juya wajen Dogo.

"Ɗana, an ce kana zaunar da mutum. Kana iya tsayar da shi?"

Dogo ya kalle ni. Sannan ya tsayar da shi. A allo muna ganin abin da yake gani: ya je ƙofa, ya dawo, ya sake zuwa, hannunsa mai lafiya yana laluben iska. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba ko a asibiti.

Da na dawo ya riga ya sa an mayar da shi zaune, yana gaban taga. Bai cire tabarau ba ya ce, "Uwata, ƙara sauke ta bulo ɗaya. Ina so in riƙa ganin yara in sun taso makaranta."

Litinin, 17 ga Maris
Na kai wa Dogo zanen ɗakin haihuwar da nake yi wa wani asibiti, na ce ya kwantar da ni a tsayin gado. Ba wai na sauya ra'ayi ba ne, dubawa kawai. Fitila a tsakiyar idona, subhanallahi. Gobe zan kai masa sauran.

Da yamma mai jinya ya bugo. Wai tun safe Baba ya sa an ɗaure masa kaya, yana zaune a bakin ƙofa, kada mota ta zo ta same shi bai shirya ba. Ɗakin ko rufi ba a yi masa ba.