Ɗumama Motar Orozbek

Litinin, 4 ga Disamba

Sanyi ya sauka garinmu At-Bashi da gaske. Jiya da yamma na zubar da ruwan lagireton motar kamar yadda mijina Orozbek ya saba yi, don kada ya daskare ya fasa injin. Da safe na dafa ruwa bokiti biyu na ɗura, na tura garwashin kashin tumaki a tsohon faranti ƙarƙashin injin har baƙin mai ya saki. Motar ta yi tari, ta yi tari, sannan ta tashi.

Da na shiga ɗaki na tarar yana murmushi da rabin bakin da ya rage masa. Ya ce, "Tsohuwa, kin cika ba ta wuta." Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai yi magana mai tsawon wannan ba.

Alhamis, 7 ga Disamba

Talant, ƙaninsa, ya zo shan shayi. Ya ga bargon gashin tumaki a kan motar, ya yi dariya. "Matar Yaya, wannan gyatumar ta fi ki sutura." Na ce ai ta fi ni aiki. Na tuna masa maganar likita: in abin ya sake bugun Orozbek, a kai shi asibitin birnin Narin nan take. Motar asibiti ba ta hawo mana in ƙanƙara ta rufe hanya. Tamu ce kaɗai mai iya ratsawa, kuma shi Talant ɗin ne zai tuƙa. Ya ƙara man shanu a burodinsa.

Lahadi, 17 ga Disamba

Fatar yatsuna biyu ta manne a ƙarfen famfon lagireto. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 27 ga Disamba

Batirin yanzu a ɗaki yake kwana, kusa da murhu, ni nake cicciɓo shi. Bayana sai ciwo. Makamashi yana ja baya, abin da motar ke ci ya kusa na ɗakin. 'Yarmu Nazira ta kira daga Bishkek, wai in daina kashe kaina a kan ƙarfe. Ita ba ta san a motar nan aka kai ni haihuwarta ba, ubanta yana tuƙi yana rera waƙa don kada in ga tsoronsa.

Asabar, 6 ga Janairu

Ta ƙi tashi. Na ƙara garwashi, na ƙara ruwan zafi, har rana ta haura dutse. Na zauna cikinta na yi kuka. Har yanzu akwai warin tabarsa a kujera. Can kusan azahar ta amsa.

Talata, 9 ga Janairu

Na tayar da ita, na shigo ina hura hannuwana. Orozbek ya dube ni ya ce, "Motar waye ke damun mutane?"

Na ce, "Taka ce, maigida."

Ya ce, "Ki ce su kashe."

Na fita na kashe.

Juma'a, 19 ga Janairu

Abin ya sake bugunsa shekaranjiya da hantsi. Motar da ɗuminta, murɗawa ɗaya ta tashi. Talant ya tuƙa, ni a tsakiya, kan Orozbek a kafaɗata. Mun isa a kan lokaci, kowa ya faɗa. Likitar ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, ku mai da shi gida ya kwanta cikin nasa. Ba sai kun sake kawo shi ba."

Muka dawo da shi gida.

Lahadi, 21 ga Janairu

Na ɗumama ta yau ma. Ban san don wa ba. Orozbek ba ya ji, ba ya tambaya. Sai dai idan na zauna a bayan sitiyari injin yana rawa a ƙarƙashina, babu mai buƙatar a juya shi, babu cokalin kunun da za a tofar. Na daɗe a ciki fiye da yadda ya kamata.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Talant ya tafi da motar jiya, zai riƙa ɗauko wa mutane ciyawa daga kwari. A rumfarsa za ta kwana. Na ce masa aro ne. Ya ce, "Na sani, matar Yaya," bai dube ni ba.

Yau ban farka ba sai da rana ta shigo ta taga. Orozbek yana numfashi a hankali. Na zuba wa murhu makamashi ba tare da na auna ba, na dama masa kunu, ya sha kaɗan. Sannan na zauna kusa da shi na sha shayina tun yana da zafi.

Na yi barci mai daɗi. Ba zan gaya wa Nazira ba.