Tudun da Bindiga Ba Ta Tashi

Zuwa ga Yaya Hilda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki ƙarfin kula da tsofaffin da kike jinya a can birnin Cairns, ya kuma ba su haƙurin jure faɗanki. Mu nan tsibirin Guadalcanal lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai, dankali ya yi kyau, aladun Kawu Silas sun sake shiga gonar coci kuma ya rantse ba nasa ba ne. Kaka Veronika tana nan da ƙarfinta, idon ne kawai ya ragu, bakin kuwa sai abin da ya ƙaru. Na so in kira ki a waya, amma kin san ni, in ban rubuta magana ba sai in faro ta daga wutsiya. Ko wannan ɗin sai da na duba abin da na rubuta a ranakun, don kada in ɗora wa wani abin da bai faɗa ba.

Wasu baƙi biyu ne suka zo daga birnin Melbourne, mace mai suna Tegan da abokin aikinta Lachlan. Kamfaninsu yana haɗa wasan kwamfuta a kan yaƙin Amurka da Japan da aka yi a ƙasarmu, irin wanda mutum zai zama soja ya yi ta harbi yana samun maki. Sun riga sun ɗauki hoton gaɓar teku da dazuzzuka daga sama, saura izinin sa tudunmu da kogon da ke kansa. Da yake ba su san cewa mu nan mata ke gadon ƙasa ba, wurin maza suka nufa. Kawu Silas ya sa rigarsa ta Kirsimeti, ya amince da komai tun ba su rufe baki ba, har ya roƙi a sa fuskarsa a wasan, amma a rage masa tumbi. Da labari ya kai wa Kaka, sai ta aika a tambaye shi ko yaushe ya zama mace da har yake ba da ƙasa. Ta ce tudun daga uwarta ya zo mata, kuma duk mai magana a kansa ya zo gindin mangwaro ya same ta.

Kafin su zo wurin Kaka gari ya rabu biyu. Malam Eliya na coci ya ce jinin mutane ba abin wasa ba ne, duk sojan da yaro zai harbe yana dariya, kakan wani ne a Japan ko Amurka. Kawu ya ce shekara tamanin ana ba da labarin yaƙin nan kamar a kufai aka yi shi, in ba mu shiga wannan ba, jikokinmu ma za su ɗauka ba kowa a tsibirin. Ni dai duk wanda ya yi magana sai in ga shi ne mai gaskiya. Na gwada samfurin wasan da suka zo da shi don in san abin da nake ƙi ko nake so, kuma ba zan ɓoye miki ba, Yaya, akwai daɗi. Sai da na kai sojana bakin kogon, hannuna na shirin jefa masa wuta, sannan na gane inda nake. Na ajiye abin na fita, ranar ko kifin da matata Miriam ta gasa ban iya ci ba.

Ranar da suka zo gindin mangwaro, Kaka ta ce ba za ta yanke hukunci a kan abin da ba ta taɓa ba, a ba ta ita ma. Da kin ga abin da kin yi dariya har hawaye. Ta riƙe abin latsawar a juye, ta tura sojan cikin teku ya nutse, ta ce maganinsa ke nan, wa ya ce ya shiga ruwa da takalmi. Da ta ɗan gane hanya, sai ta ƙi harbin kowa. Ta manna fuska a allon tana ta tambaya ina gonaki, ina kwalekwale, ina mata masu wanki a rafi, wane irin tsibiri ne wannan da babu ko kaza. Lachlan ya ce an ɗauka mutane sun gudu ne lokacin. Ta ce ƙwarai sun gudu, amma ai ba sama suka tashi ba.

Daga nan ta kama hanyar tudu da sojan, Miriam na taya ta latsawa. Da ya isa bakin kogon sai ta sa aka tsayar da shi, ta gyara zama, ta kira sunan uwarta kamar yadda muke yi in za mu hau, ta ce ga ta nan da baƙo, a yi haƙuri da shi bai san wuri ba ne. Sannan ta ba su labarin da muka sani: yadda suka yi watanni a ciki tana 'yar shekara bakwai, ana toshe bakin jarirai in jirgi ya wuce, da yadda zazzaɓi ya ɗauke uwarta da ƙaninta aka binne su nan bakin kogon. Tegan ta sunkuyar da kai ta ce a wasan, a kogon nan ne ake faɗan ƙarshe, an sa sojojin Japan a ciki ana ƙone su. Kaka ta ce ba sojan da ya taɓa kwana a kogon nan, kuma har yau ko adda ba a hawa tudun da ita.

Na ɗauka magana ta mutu ke nan, ashe da saura. Kaka ta ce su bar tudun a wasansu, amma duk wanda ya taka shi bindigarsa ta daina tashi, ta kowane ɓangare, kuma a sa mutane a cikin kogon, da tukwanensu da 'ya'yansu. Lachlan ya yi ta sosa ƙeya, ya ce hakan zai ɓata wasan, don duk wanda ya ji wuya can zai gudu ya ɓuya. Kaka ta dube shi ta ce, "To ɗan nan, mu a da, me ka ce muka yi da shi?" Tegan ce ta fara dariya, tana yi tana share ido.

Yanzu sun aiko cewa manyansu sun yarda, sai dai suna so mai ƙasa ta amince da bakinta. Nan ne maganar ta zo kanki. Kaka ta ce ita baƙuwa ce yanzu a duniya, kuma tunda Innarmu ta riga ta rasuwa, tudun naki ne da 'ya'yanki mata. In kin ce a'a, za a cire shi gaba ɗaya, a bar daji a wurin. Ba zan ce miki na natsu ba. Malam Eliya har yanzu yana cewa tsarkake tudu ɗaya bai wanke harbin da ake yi a gindinsa ba. Amma in na tuna wani yaro a wata ƙasa zai shiga kogon a guje ya tarar da mu a ciki, sai in ji zuciyata ta karkata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ki yi tunani, ki yi addu'a, ki ba mu amsa kafin su dawo bayan Ista.

Ki gaida maigidanki Yohana, da Selina da Ketura da auta Pita. Miriam da yara suna gaishe ku, Kawu Silas ma haka, ya ce ki sa baki a maganar tumbinsa. Na karanta wa Kaka takardar nan, ta ce in ƙara miki cewa kada ki yanke don faranta mata, ita ta gama ɓuyanta, ki duba waɗanda za su hau tudun bayanki.

Naki ƙane,
Barnabas