Asabar Ta Mamata Ce

Litinin, 8 ga Janairu
Darasin zaɓi ɗaya za mu ɗauka bana: ko sarrafa masana'antu, ko zanen kayan aiki. Na biyun nake so, wallahi kamar in yi kuka. Tun ina aji ɗaya a jami'a nake leƙen ɗakinsu, suna yanka kwali da katako, suna ƙera abin da ya fito daga kansu. Mu kuwa kullum lissafin injin da wani ya riga ya ƙera. Sai na duba ranar darasin. Asabar da safe, ranar da nake taya kawuna aiki a wuraren jana'iza. Wayyo ni.

Laraba, 10 ga Janairu
Selasi da muke ɗaki ɗaya har ta shiga darasin zanen. Wai, "Ke Ohenewaa, gawa gudu za ta yi in ba ki je ba?" Ta samu abin dariya. Ita ai ba kawu ke riƙe da ita ba.

Asabar, 13 ga Janairu
Jana'iza a garin Ejisu. Rumfunan Kawu Boakye, kujerunsa, lasifikokinsa da yake bayarwa haya, ni kuma a gindin janareto cikin baƙin zane kamar kowace Asabar. Wan mamana ne, shi ya ɗauke ni tun rasuwarta. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuno ni: "Ga injiniyata can!" Ni dai sai murmushi.

Lahadi, 14 ga Janairu
Na faɗa masa muna cin fufu. Ya ce, "Zane? Irin na 'yan firamare?" Na yi ta bayani. Ya ci gaba da cin fufunsa. Can ya ce, "Je ki yi abinki, 'yata. Zan lallaɓa." Zai lallaɓa! Mutumin da hannunsa ke karkarwa, ko wayar lantarki ba ya iya murɗawa. Da ma faɗa ya yi, da na samu abin riƙewa.

Talata, 16 ga Janairu
Na roƙi Dakta Quansah mai darasin ko za a sauya rana. Ɗakin ba ya samuwa sai Asabar. Ya ce in yi tunani. Tunani dai, shi kaɗai nake da shi.

Juma'a, 19 ga Janairu
Yau aka rufe rajista. Sarrafa masana'antu na zaɓa.

Asabar, 3 ga Fabrairu
Selasi ta dawo da wata na'urar matse manja ta kwali, tana juya min hannun na'urar. Ya cika gajarta, zai gajiyar da mace. Ban faɗa mata ba. Ina ruwana.

Asabar, 17 ga Fabrairu
Babu aiki yau. Dangin mamacin sun yi rigima kan garin da za a binne shi, an ɗage. Kawu da kansa ya kira, murya wasai: "Yau ranarki ce, je ki makarantar zanen taki."
Selasi ta ce Dakta ya yarda in zauna a baya in saurara. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta. "Tashi mana, malalaciya!" Na ce ta yi gaba, ina zuwa.
Na yi wanka. Na zauna a bakin gado. Na wanke kwanuka, har da waɗanda ba nawa ba.
Ban je ba. Kuma yau babu wanda ya hana ni.