Karin Guga a Ramin Yaƙi

Ya ke sanyin idona, inuwata in rana ta take, telar da ta ɗinke zuciyata ba tare da ta auna ni ba!

Yau kwana tara ba ki ɗaga wayata ba, ga shi ranar Asabar Kawu zai zo wurin Baba kan maganarmu. Na je gidanku, Yaya ta leƙo ta ce kina barci, alhali ina jin kekenki yana ta surutu a ɗaki. Wane irin barci ake yi ƙafa na taka keke?

Na amsa laifina. Ni na rubuta a jarida cewa fim ɗinku na soja da malamar jinya ya fi yaƙin kansa tsawo. Ni na ce jarumin ya sha harsashi uku amma sai da ya ƙare waƙarsa ya faɗi. Ni kuma na ce sojojin sun fito daga rami da karin guga kamar masu neman aiki, ina sane ke kika ɗinka kakin. Bakina ya ja mini!

Amma kin tuna ranar da aka fara nuna shi, kika matse hannuna kika raɗa mini in dubi facin da ke hannun rigar malamar? Na duba, masoyiya, har na yi ƙwalla na ɗora wa fanka laifi. Sakin layi guda na rubuta a kan facin nan, na ce shi kaɗai ne gaskiya a fim ɗin. Shekara bakwai ina aikin nan, na san edita daga ƙasa yake yankewa in wuri ya ƙure, amma na ajiye ki ƙarshe kamar tsokar da ake ajiyewa a gefen kwano. Tallar katifa ce ta cinye ki. Ga sakin layin nan na sako a ambulan, da rubutun hannuna.

Ba zan ce fim ɗin ya yi kyau ba, kin fi ƙarfin in yi miki ƙarya. Amma sau shida na koma, ina jure waƙar mutumin nan, don in ga sunanki ya gifta a ƙarshe bayan kowa ya watse. Mai shara ma ya gane ni, yakan jingina da tsintsiyarsa ya jira. Kewarki ta ishe ni. In ce wa Kawu ya zo?

Naki, har ranar da hannuna zai kasa riƙe biro,
Mai sharhin da ya shiga uku