Huɗubar da Ban Yi Miki Ba

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama. Na san ba za ki karanta wannan ba. Kwana uku kika yi a duniya, ko sunanki ba ki ji ba.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana a Kwandiko. Kawunki ya sayi rediyo, kullum labarin kuɗin mai, mu dai ba mu gani ba. Innarki tana da ciki wata bakwai, daidai watannin cikin da kika zo a kai. Shi ya hana ni sukuni.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Da muka ɗauko ku a bayan a-kori-kura daga Gwaram muka kai asibitin Birnin Kudu, sai aka sa ki a kwalba. Likita ya duba, ya yi rubutu a kati, ya wuce. Ni da na koya wa kaina karatu da yagaggun jaridu, na ƙura wa katin ido, ban tsinci komai ba. Da ya buɗe baki me zai rage shi? Shanu ne mu?

Wata dattijuwar nas ce ta ja ni gefe. Ta ce ba za ki kai la'asar ba, gara a fito da ke, innarki ta rungume ki, ni in yi miki huɗuba a kunne. Kin san abin da ubanki ya yi? Na zazzaga mata rashin kunya. Na ce kwalbar take so ta ba ɗan mai kuɗi, kar wanda ya taɓa ki. Ta koma ta zauna tana jiƙa miki leɓe da auduga har kika cika, babu hannun uwa, babu kalmar Allah a kunnenki.

Har yau innarki cewa take 'yan asibiti ne suka hana ta ɗaukar ki. Ina ji, ina shiru. Ni mai baki!

Gobe zan kai ta awo Birnin Kudu. Zan nemi nas ɗin nan in durƙusa. In ta ƙi fa? In wannan karon ta ga wani abu ta haɗiye, tunda ni na koya mata shiru?

Masu ta'aziyya sun yi ta cewa Allah ya sa mai ceto ce. Za ki ceci wanda ya hana ki ƙirjin uwarki?

Sunanki Hauwa'u. Ga shi na rubuta, tunda ban raɗa ba.

Sai mun zo.

Ubanki, mai neman gafara.