Indararon Sito da Bangon Ɗakin Inna

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta unguwarmu, a nan Argungu.

Assalamu alaikum. Baba Alhaji, ina gaishe ku tare da dattawan ƙungiya, da fatan damina ta same ku lafiya. Ni ne Umaru mai gyaran injin ban-ruwa, ɗan marigayi abokinku Malam Garba, wanda gidanmu ke jingine da sitonku. Sau uku na zo na durƙusa gabanku kan maganar nan, kuka ce za a duba. Tun da bakina bai isa ba, ga ta a rubuce kowa ya karanta.

Na farko. Da kuka gina sito kuka zuba rufin siminti mai 'yar katanga kewaye, don a riƙa shanya shinkafa a sama, a sha iska da la'asar. Magini ya fitar da indararo huɗu, uku suna kallon titi inda kwata take, ɗaya yana kallon gidanmu. Tun ran nan mahaifina ya ce ba a juya wa maƙwabci indararo, amma ya bar maganar saboda abota.

Na biyu, kuma nan gizo ke saƙa. Da rani masu shanya sukan toshe indararon titi da tsumman buhu, kada shinkafa ta zirare wa awaki. Na gefenmu ba sa toshe shi, don can ba a baza komai. Damina ta zo, ba wanda ya tuna ya cire tsumman. Shekara biyu ke nan ruwan rufin gaba ɗaya ta baki ɗaya yake fita, ya sauka kan bangon ƙasa na ɗakin mahaifiyata. Kun tsare tiyar shinkafa daga awaki, mu kuma kun sakar mana kogi.

Na uku. Bara na yi yaɓe sau biyu, ruwa ya wanke. Bana gindin bangon ya zaizaye har hannuna na shiga zuwa gwiwa. Ranar Juma'ar da ta wuce, ana idar da salla aka tsuge da ruwa. Na shigo a guje na tarar da Inna zaune bakin gado, tana tare ɗigo da kwanon tuwo, ƙasa na zubowa daga tsakanin azara. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ƙanena da ke unguwar Badariya ya zo da mota don ya ɗauke ta, ta ce ɗakin da mijinta ya gina mata da hannunsa ba ta barinsa saboda ruwan wani. Kun san Inna, in ta kafe ta kafe.

Sakatarenku ya ce mini ruwa na Allah ne. Gaskiya ne. Amma tsumman buhu ba daga sama ya sauko ba.

Ga abin da nake roƙo. A cire tsumman nan yau, aikin minti biyar ne. A toshe indararon gefenmu da siminti. Sauran ukun a sa musu bututu ya bi jikin bango ya sauka cikin kwata, da 'yar raga a bakinsa don ta tare shinkafa, kun ga an huta da buhu har abada. A kuma yashe kwatar, don ta cika da ƙaiƙayi. Bututu tsayi uku ya isa. Da bututu nake cin abinci, ni zan haɗa da hannuna ba lada. Makullin matakala kawai nake nema, don ba zan hau rufin mutane da tsani kamar ɓarawo ba. In Juma'a ta zagayo ban samu ba, zan kai maganar gaban mai unguwa, daga nan duk inda ta kama zan bi ta.

Allah Ya ƙara muku girma da lafiya, Ya albarkaci gonakinku, Ya sa ku gama da duniya lafiya. Amma ku sani, Baba, tun ranar Asabar na shimfiɗa tabarmata a ɗakin Inna, gindin bangon. In ya faɗo, mu biyu zai tarar.

Wassalam.

Ɗanku,
Umaru Garba, Argungu.