Gafakar Baba

Zuwa ga ƙanwata Maryamu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara can Kumasi. Mu nan Isa sai godiya. Gero ya yi kyau a Turba, matata Kadijatu ta samu sauƙin ƙafarta, kuma matar ɗanki Marwan ta kusa sauka.

Maganar da ta sa na rubuto a kan Marwan ɗin ce, kuma ba mai daɗi ba ce. Kin san aikinmu a makarantar sana'o'in hannu. Kowace shekara bayan kaka muna sauke duk abin da ke ɗakin adana kayan tarihi, mu kakkaɓe, mu duba gara, mu shafa wa kayan fata mai, sannan a yi baje koli iyaye da baƙi su zo kallo. Gafakar Baba, wadda ya ɗinka wa Alƙur'aninsa, tana can tun da na fara koyar da dukanci, ita ɗalibaina ke kwaikwaya kafin a yaye su. Bara aikin ido ya kwantar da ni, sai na bar wa Marwan shafa man, tunda ni na kai shi aka ba shi kula da ɗakin.

Bana na ce da hannuna za ni yi. Da na buɗe murfin gafakar, sai na nemi tabon tawadar nan da kika zubar kina ƙarama, ranar da Baba ya bi ki har gindin rumbu da bulala, ban gan shi ba. Fatar fes take, har warin jima bai gama fita ba. Maryamu, ba ta Baba ba ce.

Na kira yaron. Bai yi gardama ba. Ya ce wani babba ne ya zo daga Sakkwato bara, ya gani yana so, ya yi masa alkawarin tabbatar da shi a aiki, shi kuwa ya ba shi, ya zauna ya ɗinka wata. Na tambaye shi ko bai ji kunyar kakansa ba. Sai ya dube ni ya ce, "Kawu, shekara guda kana hwaɗa ma baƙi wannan aikin Baba ne, ba wanda ya gane, har kai." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. An ce ɓarawon gida ya fi wuyar kamu, ban taɓa zaton a gidanmu zancen zai tsaya ba.

Ranar Asabar ne baje kolin. In na faɗa wa shugabar makaranta, Malama Radiyya, aikinsa ya tafi, ga haihuwa a gaba. Saboda ke ban faɗa ba. Amma ba za ni sake tsayawa gaban jama'a in yi wa Baba ƙarya ba, don haka na ce mata idona ya gaji, a nemi wani malamin dukanci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗinkin ya yi kyau ƙwarai. Duk shekarun nan ban koyar da mai hannu kamarsa ba, kuma ga abin da ya yi da shi.

Ki gaishe da maigidanki Malam Hafizullahi, da Sadiƙa da Faruk. Kadijatu na gaishe ki. Ɗanki yana nan lafiya, muna haɗuwa a masallaci, yana gaishe ni ina amsawa.

Yayanki,
Sodangi